Wa Ya Ga Macijin, Ranka Ya Daɗe?

Na san ku, mutanen Daura. Da zarar mutum ya ce a bar yara su binciki labarin Bayajida a aji, sai a gyara zaman hula a ce, "To, ga wani ɗan boko zai kwashe mana Kusugu." Ku kwantar da hankalinku, rijiya tana nan daram, guga ma yana nan.

Cewa na yi kawai malamin tarihi ya daina cika allo yara suna kwafa kamar masu biyan bashi. Yau yaron Daura zai zayyana maka cewa baƙo ya taso daga Bagadaza, ya biyo ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sare kan macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Magajiya Daurama. Madalla. Ka ce masa, "Wa ya faɗa?" sai ya soma soshe-soshen ƙeya.

"Ai kakanninmu suka faɗa!" in ji Alhaji. Allah ya ja zamaninka, su ma shaidu ne, a kawo su. A tura yara su zauna gaban dattawan fada da makaɗa su rubuto abin da suka ji. Amma a ajiye musu Girgam, kundin sarakunan Daura, a gefe, kamar yadda Bature Palmer ya buga shi a 1928, da Tarihin Kano da ya fassara a 1908, wanda ya nuna Bagauda, sarkin Kano na farko, ya tarar da mutane tuni a gindin Dala.

Sai kuma a miƙa musu Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812. A nan ne rawani zai karkace, domin Bello cewa ya yi Bawo, wanda labarin fada ya ce ɗan Bayajida ne, bawan Sarkin Barno ne. Kada ku yi saurin zare takobi. Ku bar yarinya 'yar ajin ƙarshe na sakandare ta yi tambaya: wane ne marubucin, yaushe ya rubuta, me ke gabansa a lokacin? Za ta gano cewa bai daɗe ba da jama'ar Malam Isiyaku, masu jihadi, suka fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura, gidan sarautar ya watsu (daga baya ya kafu a su Zango da Ɓaure), kuma Bello na tsakiyar musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Barno a kan halaccin jihadi. Wannan bai sa ya zama maƙaryaci ba, amma mai magana ne da ke tsaye a wani ɓangare. Girgam ma haka, tunda a fada ya girma, kuma Turawa suka maido da tsohon gidan sarautar, suka ɗora Malam Musa kan gadon Daura a 1906. Yarinyar ta rubuta shafi biyu, kowace magana da madogararta, ta faɗi wanda ta fi gamsuwa da shi da dalili. In ta goyi bayan fada da hujja, a ba ta makinta cif.

Ku kuma 'yan bokon da ke murmushi a baya, kuna cewa duk tatsuniya ce, ban manta da ku ba. Kun karanta rubutun Abdullahi Smith na 1970 ne, ko a shayi kuka ji? Shi dai zama ya yi ya auna labarin kafin ya yi shakka. Ku ma hujjar za mu tambaye ku.

"Ina lokaci? Jarrabawa fa?" Malam, yaron da ya yi gardama da Bello mako guda ba ya manta 1812, ko ka tashe shi daga barci. "Ina littattafan?" Shafi huɗu ne, ga mai hoton takardu a bakin kasuwa, kuma wayar da ke aljihunka ta ɗauki abin da ya fi wannan nauyi a bikin Gani.

Abin da ya fi ba ni dariya, a cikin Daurar nan akwai kwaleji mai sunan Yusufu Bala Usman, mutumin da ya tsare rubutun Barth, Bajamushen da ya zo Katsina a 1851, da tambayoyi kamar alƙali, bai bar Bature ya wuce haka nan ba. Kun liƙa sunansa a ƙofa da manyan baƙaƙe, amma yaro ya ɗaga hannu a aji ku ce ba shi da kunya. Haba, Daurawa!