Taubashina na Bande, ba rezo ba ne, kai ne

Gaisuwar ubangida zuwa ga bawansa, ɗan gwaggona mazaunin Bande, sarkin "alo, alo, kana ji na?" Ina fata rake ya yi zaƙi bana, kuma iyalin da Allah ya jarrabe su da ihunka suna cikin ƙoshin lafiya. Na biyo ka ta takarda ne saboda salula ta gagara tsakaninmu, kuma na san ko ba ka karanta da kanka ba, ƴan tasha za su karanta maka da ƙarfi, har su ƙara gishiri.

Ƙarar da aka kawo gabana guda ce, masu ƙarar ne da yawa. Gwaggo ta kawo, dillalinka na Maigatari ya kawo, har mai ɗauko maka taki daga Magaria ya kawo. Kowa cewa yake kai kana jin mutane tangaram, amma muryarka tana isowa kamar ta wanda ya tura kai cikin randa yana lissafin bashi. Kai kuwa amsarka ba ta sakewa: rezo ne. Tun layinka na farko yana Celtel kake wannan kuka, ya zama Zain kana yi, ya zama Airtel a 2010 kana yi. Ka riƙe Orange har ta koma Zamani, ka gwada Moov, ka gwada Niger Telecom, in ka tsallaka Tinkim ka sa MTN. Kamfanoni sun sake suna, sun sake masu su, sun sake fentin shagunansu. Salular ma ka sake ta ba sau ɗaya ba, kowacce ta ɗan kwana biyu a hannunka sai ta kamu da ciwon ƴar uwarta. To wa ya rage ba a sake ba? Laifi tudu ne, taubashi, ka taka naka kana hango na eriya.

Ban ce rezo waliyyi ba ne. Yana da nasa zunubin, sai dai zunubinsa da alama. In shi ne, magana yankewa take yi, kalma ta faɗi a hanya, murya ta koma ta ƙarfe na ɗan lokaci sannan ta dawo garau. Yana zuwa yana tafiya, kuma ya fi tsanani in ka shige ƙuryar ɗaki ko ka gangara can cikin fadama nesa da eriya. Ranar Alhamis a Maigatari, lokacin da jama'a ta cika kasuwa kowa da waya a kunne, na'urar kamfani takan raba hanyar kira ɗaya gida biyu don kowa ya samu shiga, sai ingancin murya ya ragu. Wannan na yarda da shi. To kai fa da ko da asuba haka kake, lokacin da duk Bande ba mai kira sai kai da ladan?

Ga shari'ar da ba ta buƙatar alƙali, ba ta cin kiredi. Buɗe abin naɗar murya da ke cikin salularka, ko Tecno ce ko itel suna da shi, ka kashe layin gaba ɗaya, ka yi magana yadda ka saba, sannan ka saurara. Babu eriya a wannan zance, babu kamfani, babu gwamnati. In ka ji kanka garau, zo Damagaram ka karɓi goron ban haƙuri. In kuwa ka ji abin da muke ji, ka san ɓarawon a aljihunka yake kwana.

Juya ta ka dubi gindinta, kusa da inda kake soka caja. Akwai wata ƴar huda, faɗinta bai wuce milimita ɗaya ba. Nan ce ƙofar mikro. Bayanta akwai ƴar raga, bayan ragar akwai wata fata siririya wadda iskar muryarka ke kaɗawa, ita kuma ta mayar da kaɗawar lantarki. Duk cinikinka na rake, duk ƙaryar da kake yi wa gwaggo cewa kana hanya, ta wannan huda suke fita. Yanzu tuna yadda kake zaune da ita. Na gan ka a bakin lambu, sandar rake a hannun dama, kana ɓara da haƙori, ruwan yana bin gwiwar hannu. Waya ta yi ƙara, ka cafke ta da hannun nan ko gogewa babu, ka gama ka jefa ta aljihun da ke ɗauke da ɓawon gyaɗa, ɓarɓashin goro da ƴan kuɗin ƙarfe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma ga hunturu yana busowa da ƙurar da ke shiga har cikin akwati a rufe. Ruwan rake ya kama, ƙura ta zauna, zufa ta kwaɓa, rana ta gasa. Abin da ke bakin hudar nan yanzu ka kai wa magina su faɗa maka sunansa.

Abin dariyar yana gaba. Yawancin manyan wayoyin zamani ba mikro ɗaya gare su ba. Akwai na biyu a sama ko a baya kusa da kyamara, aikinsa ya saurari hayaniyar wuri. Salula takan gwada abin da biyun suka ji. Sautin da ya fi ƙarfi a na ƙasa sai ta ce wannan mai ita ne, ta bar shi ya wuce. Wanda ya zo musu daidai ta ce hayaniya ce, ta danne shi. To da yake ka toshe na ƙasa, muryarka ba ta fi ƙarfi a can ba, sai salula ta yanke hukunci cewa kai ne hayaniyar. Injiniyoyin Shenzhen da suka ƙera ta ba su taɓa ganinka ba, amma sun gano halinka. In kana musu, sa ta a lasifika ko ka ɗauki ɗan bidiyo kana magana. Wayoyi da dama sukan koma kan wani mikron a wannan hali, kuma in muryar ta fito tas, magana ta ƙare.

Na san abin da hannunka zai nufa da jin haka: basilla. Ajiye ta. Ba allura, ba tsinken sakace, ba ƙayar aduwa. Ragar nan da abin da ke bayanta ba sa jure suka, kuma garin gyaran gira ake rasa ido. Abin da ake yi shi ne a kashe salula, a sami tsohon buroshin haƙori busasshe mai laushi (na san asuwaki ne naka, ara wurin yara), a juya hudar tana kallon ƙasa, a share a hankali har dauɗar ta zubo. Kada ka hura da baki, danshi kake ƙara mata. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura da injinsa, iskar na iya fasa fatar nan take. Kananzir da fetur kuwa bar wa babur.

Sai marin da kake yi mata a tafin hannu duk lokacin da aka ce ba a ji. Gaskiya wannan dabara tana da asali, shi ya sa ban cika ganin laifinka ba, tunda kai ma tsohon kaya ne. Tarhon da, mai igiya, irin na gidan waya, mikronsa garin gawayi ne a cikin ɗan gwangwani, fasahar da Edison da wasu suka fito da ita wajen 1877, aka kuma yi ta aiki da ita har wajajen 1980. Garin yakan dunƙule, murya ta dushe, sai a ƙwanƙwasa kan tarhon a tebur ya warware. Wanda ya yi haka a zamanin yana da hujja. Taka babu gawayi a cikinta, abin da marin ke yi kawai shi ne ya sassauta haɗin da ke ciki, gobe ka ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Rigar robar da ka saya mata kuma, ka taɓa duba ko ɗinkinta ce? Mai tebur ya ce maka duk ɗaya ne, ka ga ta shiga, ka biya kana murna ka yi ciniki. Hudar rigar tana gabas, hudar mikro tana yamma. Cire ta ka kira gwaggo, ka ji abin da za ta ce. Salatif ɗin da ka naɗe gindin da shi tun ranar da ta faɗi daga amalanke shi ma ya tafi.

Riƙon ma abin kallo ne. Ƙaramin yatsanka yana tokare da gindinta, daidai kan hudar. In hannu ya cika ka maƙale ta a kafaɗa, mikro ya nutse cikin gemu. In sanyi ya yi ka cusa ta ƙarƙashin rawani. In kana kan babur tsakanin Bande da Magaria ka ɗaga kira, iska ce ke magana, kai kana yi mata amshi. Mafi muni, ka sa ta a lasifika ka ajiye kan tabarma can gefe kana dama fura. Ka sani, duk lokacin da nisan bakinka da mikro ya ninka biyu, ƙarfin sautin da ke isa gare shi yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Ludayin ya fi ka kusa, shi muke ji. Ita kuma muryata da nake ji tana dawo mini in ina magana da kai, daga lasifikarka da ka ƙure take fita ta sake shiga mikronka. Rage ta.

Maganinka na ƙarshe shi ne ihu, kuma shi ya fi ɓata lamarin. Layin kira na yau da kullum tun asali ba ya ɗaukar duk muryar mutum. Tsakanin hertz 300 da 3,400 yake ɗauka, ya zubar da na sama, inda ƙananan sautukan da ke rarrabe kalmomi masu kama da juna suke. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp kan fi kira fita. Ɗan abin da ya rage kuma sai ka kwarara masa ihu, mikro ya cika ya tumbatsa, sauti ya farfashe. Haka ka ce wa mai mota dami tamanin ya ji talatin, ya zo da ƴar motar da ba ta ɗauki rabi ba, sauran raken ya kwana a bakin hanya awaki suna yi maka addu'a. Ka yi magana yadda kake yi in kana roƙona bashi, a hankali, da ladabi, za a ji.

Ekutar ɗinka na dala ashirin kuwa ba zan ɓata tawada a kansa ba, araha ba ta ado. Zare shi ka gwada. Ka kuma leƙa ramin da ake soka shi, don ƙura kan sa salula ta ɗauka yana ciki alhali babu. In yaran gidanka sun taɓa haɗa ta da ɗan akwatin kiɗansu ta Bluetooth, kashe Bluetooth ɗin, kada ka tsaya a ƙofar gida kana zuba magana salula tana sauraron ɗakin amarya.

In duk ka yi wannan ba ta sake ba, to mikron ya mutu, wataƙila tun ranar da ta yi wanka a rijiyar lambu. Kai ta wurin mai gyara a Magaria, ko ka zo da ita Kasuwar Dole nan Damagaram. Ba sai ka kai ta Farm Centre a Kano ba don ka sami dalilin yawo. A manyan wayoyi da yawa mikro da ramin caja a kan ɗan faranti ɗaya suke can ƙasa, ana cire shi a sa wani ba tare da an taɓa sauran ba. Kai da kake girgiza caja a ramin kullum sai ta kama, kila ma tsuntsu biyu za ka jefa. Faɗa wa mai gyara abin da ka gwada da abin da ka ji, kada ka miƙa masa kawai ka ce ba ta da lafiya. In ya ce sai ya yi mata fulashin kafin ya buɗe ya duba, karɓi abarka, lambobin mutane kawai zai share maka, har da na waɗanda kake bi bashi. Kuma kada ka biya sai ka kira wani daga nan bakin teburin ya ce ya ji ka.

Amma ni ina da zargi, kuma zan faɗe shi gaban jama'a. Anya ba ka fi son ta a haka ba? Na lura muryarka takan ɗan washe in kana ba da labarin farashin rake, ta nutse daidai lokacin da aka tambaye ka ranar biya. Bara da watan cika-ciki na yi maka maganar kuɗin shara, ka amsa da wani dogon gunaguni, daga baya ka rantse ka faɗi adadi da rana, ni ne ban ji ba. Wasan da ke tsakaninmu ba abin rainawa ba ne, tun 2014 UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin gadon al'adun duniya, don haka wanda ya ci kuɗin shara duniya ya ci wa amana, ba ni kaɗai ba.

Na ba ka zuwa Juma'a. Share hudar, cire rigar, wanke hannu, sannan ka naɗo mini saƙon murya ka faɗi kuɗin bara da na bana a fili, lamba-lamba, yadda zan kunna wa gwaggo ta zama shaida. Ku kuma mutanen Bande, duk wanda ya gan shi da basilla kusa da salula ya ƙwace, ladan yana wuyana.