Suna Ya Fito, Saura Mai Suna

A unguwar Gesse, nan Birnin Kebbi, ba sai an yi shela ba kafin a san JAMB ta fara sakin sunaye. Leƙa bakin shagon mai kwamfuta da hantsi, za ka tarar da samari sun yi dafifi, kowa fuska a murtuke kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. Tun 2017 da hukumar ta kawo tsarin CAPS, zancen ya koma maɓalli biyu: ko ka karɓi gurbin da aka ba ka, ko ka ƙi. Aikin daƙiƙa ɗaya ne. Amma na san gidan da aka yi mako uku ana shawara a kan daƙiƙar nan, har da kai wa malam goro a yi istihara.

Akwai Sarkin Gaggawa, wanda ya latsa kafin ya karanta. Sai da ya gama zagaye dangi daga Badariya zuwa Tudun Wada, makwabta har sun fara kiran gyatumarsa Maman Dakta, sannan wani ƙane mai idon sani ya nuna masa ilimin tsirrai aka ba shi. Ya yi shiru, ya haɗiye, ya ce ai duk magani daga itace yake fitowa.

Shi kuwa yayansa a sana'a, Likita-ko-Oho, ya karanta tsaf, ya ƙi. In ba likitanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ba, a bar shi a gida. Da yake sakamakon JAMB shekara ɗaya yake rayuwa, kowace shekara sai ya sake sayen fom, bana karo na huɗu. Ya san kujerar da fanka ke kaiwa a zauren jarrabawa, masu gadi suna tambayarsa ya mutanen gida. A cikin maki 400, kullum "bakwai kacal" ne ke raba shi da farar riga. Yaran da ya koya wa lissafi sun kusa sa kakin bautar ƙasa, shi kuwa in bai yi hankali ba zai gama bayan ya haye talatin, a miƙa masa takardar yafewa.

Turawa suna da wata al'ada: yaro ya samu gurbi, sai ya ajiye shi shekara guda don ya huta, ya ga duniya. 'Yar Obama, Malia, haka ta yi a 2016 kafin ta shiga Harvard. Wani yaro a unguwarmu ya ji labarin a waya, ya tunkari mahaifinsa da shi bayan la'asar.

"Baba, so nake in huta shekara guda, in ga duniya."

"Awo," in ji tsohon. "Ga hauya can. Duniya tana fadama."

To, a nan muka iso ga Ɗan Fadama, wanda ya fi kowa yawa a kwarin Rima. Tun watan Nuwamba na 2015 da Shugaba Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, ga masana'antar Labana a nan, ga ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, shinkafa ta zama kishiyar boko. Suna ya fito daidai lokacin dashe. Wa zai tayar da injin ban ruwa da asuba, wa zai yi cinikin taki, wa zai kori jan-baki? Sai a ce ya dakata "sai an yi girbi". Aka yi girbi, ya ƙirga buhuna, ya sayi babur, yana ɗan kabu-kabu da yamma. Da rani ya zagayo ya ƙara gona. A shekara ta uku har an kai masa kuɗin gaisuwa. Takardar shaidar gurbinsa tana nan cikin leda a ƙarƙashin katifa, yakan fito da ita ya nuna wa baƙi kamar hoton aikin hajji. Ina so in yi masa dariya sosai, sai dai na sha ganin masu digiri sun je wurinsa rancen kuɗin mai.

Ita Amarya Mai Sharaɗi, sunanta da kayan lefenta mako ɗaya suka iso. A gaban waliyyai ango ya dafa ƙirji: "Za ta ci gaba a ɗakinta." Wannan jimla ta cinye digiri fiye da yajin aiki. Zangon farko laulayi, na biyu goyo, na uku maigida ya gano cewa makaranta ta yi nisa, alhali daga ƙofar gidansa ana hango katangarta. Amma a yi adalci, akwai mazan da suka cika. Za ka gan su da azahar a ƙofar Kwalejin Adamu Augie ta Argungu ko ta Waziri Umaru, kan babur, jariri a kafaɗa, suna jiran a tashi lakca. Waɗannan ya kamata a riƙa ba su rabin takardar ranar yaye ɗalibai.

Ɗan Kawu ba ya cikin sahun masu damuwa. An ba shi jami'ar Aliero, ya yatsine: "Ni da albasa?" An ce ga ta tarayya nan hanyar Kalgo, wadda aka kafa a 2013, ya ce ya girme ta. Kawunsa na Abuja yana shirya masa Masar, ko Indiya, ya danganta da ranar da ka tambaye shi. Ya yi fasfo, ya sayi rigar sanyi a garin da zafin Afrilu ke dafa ƙwai. Fasfon ya kusa ƙarewa ba hatimi ko ɗaya, tafiya mafi nisa da ya yi kuwa ita ce Kamba, ɗaurin aure.

Sai Mai Ɗagewa da Baki. A yawancin makarantu, in kana son a ajiye maka gurbi sai ka karɓa, ka biya, ka yi rajista, sannan ka rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe har a amince. Shi kuwa wannan, masinja ya tarar a baranda, ya ce masa baɗi zai dawo, masinja ya ce Allah ya kai mu. Baɗi ta yi, ya dawo da jaka yana neman ajinsu.

Kada a manta da wanda bai nemi hutu ba, hutu ya neme shi. Ya biya komai, ya ɗaure katifa, an cika masa buhu da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta ja birki, ba ta sake ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas. Ƙannensa suka cinye guzurin tun kafin azumi.

Akwai kuma wanda ba ya cikin hayaniyar nan, kuma ba na iya tsokanarsa. Ya ci maki mai kyau, an ba shi abin da ya nema, ya latsa ya karɓa, sai aka zauna lissafin kuɗin rajista da na mota da na ɗaki, lissafi ya ƙi fita. In ka tambaye shi sai ya ce ya ɗage ne, ya faɗe ta da Turanci don ta yi nauyi. Yana ƙarƙashin lema da na'urar POS, littafin tsofaffin tambayoyi a gefe. Da aka fara rancen ɗalibai na NELFUND a 2024, mahaifinsa sai da ya je wurin malamai biyu ya tabbatar babu kuɗin ruwa a ciki kafin ya yarda a cika fom.

Duk waɗannan ta hannun mutum ɗaya suke bi, wato mai shagon kwamfutar. Shi ne alƙali, shi ne mai ba da fatawa. Ya san kwas ɗin da ke da aiki da wanda babu, yana faɗa wa samari da tsawa: "Kai, latsa ka karɓa! Gurbi ba ya jiran kowa hwa!" Ran nan ina jira a buga mini takarda, na hango wata tsohuwar shaidar gurbi manne a bango, ta yi ja don ƙura, da hotonsa tun gemu bai fito ba. Ashe shi ma ɗagewa ya yi, na shekara ɗaya, don ya tara kuɗin rajista.

Na ce, "Malam, to kai yaushe za ka koma?"

Ya dubi layin da ya kai bakin titi, ya lashi yatsa ya ci gaba da ƙirga canji.

"Da zarar waɗanga sun ragu, Alhaji."