Dabarun Neman Izini da Faransanci ga Wanda Ingilishi Ya Sangarta

Malam, kafin ka kama hanyar Faris ko Kwatano, ka ajiye kalmar "can" a gida. Ingilishi ya sangarta ka da ita: da ita kake tuƙi, da ita kake roƙon gishiri, da ita ka nemi izinin fita fitsari tun kana firamare. Bafaranshe ba ya labta wa jaki ɗaya kaya haka. Ya raba aikin gida biyu, savoir da pouvoir, ya koma gefe yana jiran ka cakuɗa su.

Savoir na abin da ka koya ne har ya zauna maka: "je sais nager", na iya iyo. Pouvoir na hali da dama ne: "je peux nager", ba abin da zai hana ni shiga ruwa yau. To idan mai kwale-kwale ya tambaye ka ko ka iya iyo, ka amsa da "je peux", ka shaida masa ne kawai cewa likita bai hana ka ba. Sauran bayani sai an kai tsakiyar kogi. Abin haushin, Hausarka ta daɗe da sanin wannan, domin "na iya tuƙi" daban, "zan iya tuƙi yau" daban. Turancin da aka zane ka a kansa ne ya haɗe maka su.

Shi kuwa izini hawa-hawa ne. "Je peux entrer?" (zan iya shiga?) tare da ɗaga murya a ƙarshe, na abokai ne da 'yan gida. "Est-ce que je peux entrer?" yana shiga ko'ina ba ya jawo rigima, don haka ka riƙe shi hannu bibbiyu. Sama da shi akwai "puis-je entrer?", mai babbar riga da rawani. Ka gwada shi a kan mai sayar da burodi, za ta leƙa bayanka ta ga ko da dogarai ka zo. "Pourrais-je" kuwa ka adana wa mai ba da biza da surukin da bai gama yarda da kai ba.

Kada tsautsayi ya sa ka ce "peux-je". Babu shi. Majalisar kula da harshen, wadda Kadinal Richelieu ya kafa a 1635, kujeru 40 gare ta, kuma ba ka da ƙarfin ɓata wa dattawa masu yawa haka rai a rana ɗaya.

Wajen kiran mutum ma akwai girmamawa: ɗan sanda "vous" ne, ko da ka haife shi. "Tu peux" na ƙaninka ne. Sannan "bonjour" kafin komai. Nan Bahaushe ba ya buƙatar darasi, sai dai birki: ka tsaya a kalma ɗayan nan, kada ka zarce tambayar gajiya da iyali da sanyi, layi na bayanka.

Idan ka ji "allez-y" ko "je vous en prie", an yarda, wuce. Idan ka ga "interdit" ko "défense de fumer" a bango, kada ka wahalar da nahawunka. Tun 2008 aka hana shan taba a cikin gidajen abinci da na shan gahawa a Faransa, kuma "pourrais-je" mafi daɗi ba zai kunna maka ashana ba.

In kuma tafiyar taka ta Maraɗi ce ta Jibiya, ka sassauta wa kanka. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Za ka turo baki ka haifo "puis-je passer?" da ƙyar, jandarma ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, ina takardunka?"