Yadda Ake Zama Sarki Mai Ƙarfin Mutum Talatin, da Yadda Ake Faɗuwa

Idan ka wayi gari ka tsinci kanka a cikin littafin almara, damtsenka ya kai turmi, kuma duk ƙofar da ka taɓa sai ta ɓalle a hannunka, to barka da arziki, sarauta na tafe. Amma ka sani, marubucin da ya ba ka wannan ƙarfi ya riga ya haƙa ramin da za ka faɗa. Tunda ba makawa, gara ka ga yadda magabatanka suka yi, ka zaɓi irin faɗuwar da ta dace da kai.

Da farko ka nemi asali mai ban tausayi. Conan, wanda Robert E. Howard ɗan Amurka ya fito da shi a mujallar Weird Tales a 1932, ɗan maƙeri ne daga tsaunukan Cimmeria, kuma a fagen fama aka haife shi. Ya yi sata, ya yi fashin teku, ya yi sojan haya. Kada ka ji kunyar irin wannan tarihi, maroƙanka za su wanke shi daga baya.

Sai ka samo dodo, kuma ya zamana dodon wasu ne. Beowulf, jarumin tsohuwar waƙar Ingila mai layi 3,182, bai tsaya ya jira masifa ta same shi a gida ba. Ya ji labarin wani dodo mai suna Grendel da ya shekara goma sha biyu yana cinye mutanen Sarki Hrothgar na Denmak, sai ya ɗebi mutum goma sha huɗu ya tsallaka teku. A nan ka lura da dabarar: ya ce tunda dodon ba ya riƙe makami, shi ma ba zai riƙe ba. Hannu da hannu suka kama, ya fizge masa hannu tun daga kafaɗa, aka rataye a zauren sarki kowa ya zo kallo. Kai ma ka riƙa barin shaida, domin jarumin da ya dawo da labarin baka kawai, maƙaryaci ake ce masa a bayan ido. Kuma ka tambaya ko dodon yana da uwa. Grendel yana da ita, ta zo ɗaukar fansa a daren da ya biyo, dole jarumi ya bi ta har ƙarƙashin ruwa da takobin aro wanda bai yanki komai ba.

Hawa karaga hanya biyu ce. Ta masu kunya ita ce ta Beowulf: aka miƙa masa sarautar mutanensa bayan mutuwar kawunsa Hygelac, ya ce a ba yaron marigayi, ya jira har yaron ya mutu a wani rikici sannan ya karɓa. Ta masu gaggawa ita ce ta Conan, wanda ya shaƙe Sarki Numedides na Aquilonia a kan gadon sarautarsa, ya ɗauki kambin ya ɗora wa kansa. Ni dai na fi ba da shawarar ta farko, ko don ka samu na faɗa a ranar naɗi.

Yanzu ga inda wahala take. Babu wanda ya gaya maka cewa mulki zama ne. Labarin Conan na farko ma a gaban teburin rubutu aka nuna shi, yana ƙorafin cewa lamuran fada sun fi yaƙi gajiyar da shi. Talakawan da suka yi masa guɗa ranar da ya kashe azzalumi, su ne suka koma suka kafa wa azzalumin mutum-mutumi, wani mawaƙi Rinaldo kuma yana zaga gari yana yi wa sabon sarki zambo. Haraji ba shi da wuyan da za ka shaƙe, haka ma rigimar gona, kuma in ka mari ma'aji da ƙarfin mutum talatin, gobe sai ka nemi sabon ma'aji.

Idan zaman ya ishe ka, akwai tafarkin Robert Baratheon na littafin George R. R. Martin da ya fito a 1996. Da guduma ya farfasa ƙirjin Yarima Rhaegar a kogin Trident ya ci sarauta. Daga nan ya bar wa 'yan majalisa aiki, ya rungumi giya, farauta da shagali, har bashin masarauta ya kai zinariya miliyan shida, shi kuma ya yi ƙibar da sulkensa ya daina shigarsa. Ƙarshenta aladen daji ne ya farke masa ciki yana cikin maye, da ɗan taimakon giyar da matarsa ta sa a yi ta ɗura masa. 'Ya'yan da ya bari a fada ma ba nasa ba ne. Wannan faɗuwa tana da sauƙin koyo, sai dai kirarinta ba daɗi.

Mai son faɗuwa ta mutunci ya koma ga Beowulf. Shekara hamsin ya yi yana mulki, kuma waƙar ta tsallake su cikin 'yan layuka, wanda ya isa ya nuna maka darajar zaman lafiya a wurin marubuta. Sai wani bawa da ya gudu ya saci kofi ɗaya daga taskar wani maciji mai aman wuta, macijin ya tashi ya ƙone gari har da gidan sarki. Abin da za ka kwaikwaya shi ne: ka sa a ƙera maka garkuwar ƙarfe, ka ɗebi zaratan mutum goma sha ɗaya, in an isa bakin kogo ka ce su tsaya gefe, wannan faɗa naka ne kai kaɗai. Kada ka tuna da shekarunka. Takobinka zai karye, domin hannunka ya fi ƙarfin kowane ƙarfe. Mutanenka za su ruga daji su bar ka da yaro ɗaya, Wiglaf, wanda zai taimaka a kashe macijin bayan ya riga ya sare ka a wuya. Ka tabbata ba ka bar ɗa ba, kuma ba ka horar da kowa ba, don maƙwabta irin su mutanen Siwidin su fara wasa takubba tun kafin toka ta huce. Zinariyar da ka mutu a kanta kuwa, tare da kai za a binne ta.

In duk wannan bai yi maka ba, to ka nemi aiki a mujallar da ke fitowa wata-wata. Conan an tumɓuke shi a wani labari na 1933, aka sake tumɓuke shi a wani da ya fara fita a 1935, kuma duka biyun ya dawo ya ƙwaci kayansa, domin edita ba ya binne jarumin da ake sayen mujalla saboda shi. Sharaɗin kawai ka saba da kwanan kurkuku, kuma kada ka yi nisa da gatarinka ko da kana cikin sa hannu a takardu.