Attajirin Demo da Bashin Mai Shayi

Ɗan yayata ya zama miloniya ranar Talata da la'asar. Ni ne shaida, don a ɗakina yake cajin wayar. Ya miƙo mini ita jiki na rawa: "Kawu, duba, dala dubu goma sha biyu!" Na ce masha Allah, to a miƙo mini dubu biyuna na ranar sallah. Sai ya sosa ƙeya ya ce ai wannan demo ne, asusun gwaji, kuɗin ba ya fitowa. Wato irin dukiyar nan ta mafarki, wadda kana cikin ƙirgawa ladan zai kira asuba. Mai shayin bakin layinmu kuwa har gobe yana bin sa kuɗin ƙwai uku.

Yanzu ilimin cinikin hannun jari ya zama ruwan sama, kowa ya tara bokitinsa. YouTube cike yake da malamai, Investopedia na nan tana fassara kowace kalma ba ko sisi. Yaro ya kalli bidiyo uku, sai ya fito majalisa da tafiyar farfesa. Rannan ya ce wa uwarsa an shiga kasuwar bijimi. Baiwar Allah ta yi ta murna, ta ɗauka Wudil zai tafi ranar Juma'a ya koyi dillancin shanu, sana'ar da aƙalla ana taɓa hajarta da hannu.

Sai kuma maganar kyandir, zanen farashin da ke wayarsa. Kore na hawa, ja na sauka, shi kuma ya ƙura musu ido har ƙarfe biyun dare kamar mai duba. Na ce masa mu da muka shekara talatin muna kunna kyandir duk dare, da yana kawo arziki da tuni mun yi jirgi. Abin da malaminsa bai gaya masa ba, wannan zanen 'yan kasuwar shinkafa ne na Japan suka faro shi, a kasuwar Osaka, tun ƙarni na 18. Wato 'yan Dawanau ne na can. Ga Alhaji nan a tamu Dawanau, wayarsa ƙaramar rakani-kashi ce, amma ya san ya sayi masara da kaka ya fito da ita idan damina ta yi nisa. Bai taɓa kiran abin da turanci ba, ya dai aurar da 'ya'ya bakwai da shi.

Abin dariyar, ainihin kayan kyautar babu mai kallonsa. Kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, da ke Legas tun 1960, tana zuba rahotannin kamfanoninta a fili: Dangote Cement, BUA, MTN, bankin Jaiz, kowa da ribarsa da bashinsa a rubuce. Hukumar SEC tana da jerin dillalan da ta yi wa rajista, duba shi bai kai shan kofin shayi ɗaya ba. Na buɗe wa yaron rahoton shekara guda, ya ja shafi biyu da yatsa, ya ture wayar: "Haba Kawu, wannan ai karatu ne." Washegari ya tura dubu goma sha biyar ga wani mai gidan sigina a Telegram, mutumin da hotonsa kullum a jingine yake da mota amma ba a taɓa ganinsa cikinta ba. Wanda ya san abin da zai tashi gobe, me zai yi da dubu sha biyar ɗinka? Boka ne mai maganin kuɗi da ke roƙon kuɗin mota.

Kuma kada dattawa su yi dariya da yawa. Kafin 2008 mu ne muka yi layi a bankuna muna sayen hannun jari don maƙwabci ya saya, kasuwa ta rushe, takardun suna nan a ƙasan adaka tare da tsohon katin zaɓe. A 2016 MMM ta yi mana wankin babban bargo. A 2024 gari ya koma dangwalen Hamster, har liman sai da ya roƙi a kashe waya a sahu. A 2025 CBEX ta kwashe ragowar. Duk lokacin da aka tashi, sai mu ce wancan damfara ce, wannan kuwa na gaske ne.

Yaron ya sa hoton Warren Buffett a WhatsApp. Na ce masa tsohon nan yana shekara goma sha ɗaya ya sayi hannun jarinsa na farko, ya haura casa'in yana karanta irin rahoton da ka ture. Ya ce shi ba zai iya jira ba, bikin abokinsa saura wata biyu.

Jiya da magariba sai ga shi ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa, gaisuwar da ban saba gani ba. An buɗe sabon darasi, in ji shi, kuma wallahi kyauta ne.

"To me ya kawo ka?"

"Kawu, data ce ta ƙare."