Ƙuduji da Ƙudan Soja

A ƙarshen damina, gonakin dawa na Kazage kan cika da wani fure ja-ja mai ɗaukar ido. Baƙo daga Kaduna har tsayawa yake ya ɗauki hoto, manomi kuwa in ya gan shi sai salati. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta. Saiwar dawa ko masara yake kamawa a ƙarƙashin ƙasa ya yi ta tsotso, kafin ya leƙo waje ya riga ya gama da mai masaukinsa. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, irin kuma ya iya jira fiye da shekara 10.

Kowane gida na da nasa ƙudujin. Shi ne mai shaddar da ta sha bugu, wanda ya zo barkar suna tun bara, har yau bai sami mota ba. Bakinsa zuma: "Yaya, ai kai Allah ya riga ya ɗaga ka," hannunsa kuma na cikin rumbu. Ranar biki shi ake shimfiɗa wa darduma, shi ne tsakiyar hoto, yayan da ya sayi san yana can baya yana jidar kujeru. Ka samu ka sallame shi, ya bar maka yara uku hutu.

Ƙudan soja kuwa baƙi ne siriri, ya ari kayan zanzaro ya sa. Ba ya harbi, ba ya cizo, kwanakinsa kaɗan ne. Irinsa sun cika tasha: wandon kaki na gwanjo, baƙin tabarau, "Ka san ko ni wane ne?" Ka ce ba ka sani ba, nan take ya tuna ana jiransa.

Duk da haka ni ina bayan ƙudan, albarkacin 'ya'yansa. Tsutsotsinsa kan cinye ruɓaɓɓen abinci da kashin dabbobi cikin kamar mako biyu, su zama abincin kaji da kifi. Cibiyar icipe da ke Nairobi ta daɗe tana koya wa manoma kiwonsu. Abin da tsutsotsin suka bari taki ne, ƙuduji kuwa gajiyayyar ƙasa yake so, taki na rage masa kaifi.

Amma da za su zo neman aure gida ɗaya, Gwaggo za ta leƙa ta katanga ta ce, "A ba mai furen nan. Wancan 'ya'yansa a juji suke kwana."