Ma'aikatana Uku Na Ƙasar Waje

A Kafanchan, da zarar an ga ka rataya jakar kwamfuta, to ka zama injiniya, ko ka so ko ka ƙi. Za a kawo maka rediyon da ya daina magana, da wayar da ta faɗa rijiya, wata rana ma har da fanka. Ni kuwa iyakar abin da na iya shi ne rubuta 'yan ƙananan manhajoji. Kamar yawancin tsararrakina a garin nan, a Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko na fara ɗora yatsa a kan kwamfuta, sauran kuma na tsinto shi a intanet da tsakar dare, lokacin da data ke araha.

Cutar da ta afka wa citta a daminar 2023 ce ta jawo mini. Daga Kachia har Kwoi har yankinmu na Jama'a, gonaki suka ruɓe a ƙasa, mutanen da suka ci bashi don sayen iri suka wayi gari hannu rabbana. Daga nan kowa ya koma ƙirga kwabo, kuma ƙungiyar manoman da kawuna ke shugabanta ta gano cewa littafinta na lissafi kashi uku ne, babu guda da ya yarda da ɗan'uwansa. Kawu ya aiko a kira ni.

"Kai da aka ce ka san kwamfuta," in ji shi, "ka yi mana abin da zai riƙa rubuta buhu nawa kowa ya kawo, da bashin da ke kansa, ya kuma fitar da rasit."

Na ce, "Kawu, ai wannan aikin mako guda ne."

Kuma ban yi ƙarya ba. Na rubuta abin da yaren Python a kan tsohuwar kwamfutata mai Linux, ya yi aiki sumul. Sai dai ni kaɗai ke da Linux a kaf ƙungiyar. Sakatare Windows gare shi. Mama Ma'aji da na tambaye ta, ta ce tata ma "Windo ce, mai kyau". Shi kuwa Kawu, 'yarsa ta aiko masa da MacBook daga Ingila, wadda yake ajiyewa a cikin rigar matashi, ba ya buɗe ta sai ya yi baƙi.

Ranar da Sakatare ya fara gwada manhajar ta ƙi tashi. Na ba shi amsar da duk mai irin sana'ata ya haddace tun yana koyo: "Ai a tawa tana aiki." Ya dube ni, ya ce to in riƙa ba shi aron tawa ɗin kowace ranar kasuwa.

Abin ya yi mini ciwo, sai na yanke shawarar yin aiki irin na manya. Akwai abin da ake kira gwaji mai sarrafa kansa. Ka rubuta 'yan tambayoyi ka ajiye wa manhajar: idan manomi ya kawo buhu bakwai aka cire bashin taki, saura nawa? Idan ta amsa daidai a kunna kore, idan ta kauce a kunna ja. Shafin GitHub kuma tun 2019 yana ba da aron injuna don wannan aikin. Ka rubuta masa a wani ɗan fayil cewa kana son Ubuntu, wato wani nau'in Linux, da Windows da macOS, duk sanda ka tura gyara sai ya tayar da kwamfutoci uku a can wata duniya, su gwada, su aiko maka da hukunci.

Da na yi wa kwamiti bayani, Kawu ya fahimci cewa na ɗauki ma'aikata uku a ƙasar waje. Ya ce a rubuta sunayensu a takardar taro. Wani dattijo ya tambaya ko sun san citta, wani kuma ya ce kada a sake a fara ba su albashi da dala. Na ce kyauta suke yi. Ɗakin ya yi tsit. A nan ne Mama Ma'aji ta ce, "Ɗana, wanda ya yi maka aiki kyauta, ka bincika aljihunka."

Karon farko da na tura aiki, ukun duk suka ƙi ko motsawa. Ɗan fayil ɗin umarni, mai suna YAML, da tazarar gefen layi yake gane magana, kuma bai yarda a tura layi da maɓallin tab ba, sai dai a yi ta danna sarari. Layi guda ya zarce da taki ɗaya, ma'aikata uku suka zauna. Na daidaita. Ubuntu ya kunna kore, Mac ya kunna kore, Windows ya yi jajir.

Matsalar ta sanda ce. Idan za ka nuna wa kwamfuta hanyar da fayil yake, Linux da Mac sandar da ta karkata gaba suke sa wa tsakanin folda da folda, Windows kuwa mai karkata baya. Asalin abin tun 1983 ne, lokacin da MS-DOS, magabacin Windows, ya fara amfani da folda ya tarar an riga an ba sandar gaba wani aiki. Fiye da shekara arba'in ke nan, har yau rasit ɗin manomin Kagoro na tuntuɓe da ita. Na gyara wannan, sai Ubuntu ya koma ja: Sakatare ya aiko fayil da suna Rasit da babban baƙi, ni kuma manhajata rasit take nema da ƙarami. A wurin Windows da Mac mutum ɗaya ne, a wurin Linux ko dangi ba su haɗa ba.

Kawu ya ga na rame, ya ce in gaya masa gaskiya, ko ma'aikatan ne suka shiga yajin aiki. Shi tsohon ma'aikacin reluwe ne, a tashar garin nan ya yi ritaya, inda tun wajen 1927 dogon Fatakwal da na Kaduna da na Jos suke haɗuwa. Sai na ce, "Kawu, ka ga jirgin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, zai iya hawa dogonmu?"

"Ina! Namu ƙafa uku da rabi ne faɗinsa, wancan ya fi ƙafa huɗu da rabi. Taya ba za ta zauna ba."

"To ni tarago ɗaya nake so ya bi dogo uku."

Ya yi shiru, ya girgiza kai. "Ashe har yanzu Turawa ba su daina wannan hali ba."

Ja na gaba ya fi ba ni haushi, don da ido ba ka ganin komai. Rasit ɗin da Windows ya fitar da wanda ake tsammani iri ɗaya ne sak, harafi da harafi, amma gwaji ya ce sun bambanta. Ashe a ƙarshen kowane layi Windows alama biyu yake ɓoyewa, Linux da Mac alama guda. Ina ƙoƙarin yi wa Mama Ma'aji bayani ta katse ni, domin ita da tafireta ta ci abinci shekara da shekaru. "Ai ka tura keken ya koma farko, sannan ka murɗa takarda ta hau layi. Aiki biyu ne. Wanda ya mai da shi ɗaya malalaci ne." Tun daga ranar ta ɗauki ɓangaren Windows, ta riƙa tambayata ko "yaron nan mai tarbiyya" ya amince.

Duk waɗannan wasa ne. Babban yaƙin da ƙugiya aka yi shi.

Rabin mambobinmu sunayen ranaku gare su, duk inda ka juya Ɗanladi ne ko Ɗanjuma ko Ɗanasabe, kuma kan shafin da ya fi kowane muhimmanci an rubuta kuɗi. Python a Linux da Mac da tsarin UTF-8 yake karanta fayil, wanda ya san haruffan duniya har da namu masu ƙugiya. A Windows kuwa, idan ba ka ja kunnensa ba, sai ya ɗauko wani tsohon tsari na yammacin Turai wanda bai taɓa jin labarin ɓ da ɗ da ƙ ba. Kowane harafi mai ƙugiya ya tsage gida biyu. Ɗanladi ya fito ÆŠanladi. Kuɗi ya zama kuÉ—i. Mafi ban mamaki, ƙ ta koma Æ™, wato da 'yar alamar nan da kamfanoni ke liƙa wa hajarsu, kai ka ce wani ya yi wa harafin rajista da daddare. Sakatare ya buga takarda guda kafin in hana shi, wani manomi ya karɓa ya juya ta sama da ƙasa, ya ce shi dai bai san wannan mutumin ba, don haka bashin ma ba nasa ba ne. Da labari ya bazu, Ɗanjumomi biyu suka zo da kansu suna roƙon a buga musu irin wannan rasit ɗin.

Maganin bai wuce kalmomi biyu ba a kowane wurin da ake buɗe fayil. Sakatare ya kawo shawarar a cire ƙugiyar kawai a huta, kamar yadda ake yi a saƙon waya. Na ƙi. Mutumin da cuta ta cinye masa gona, ba za a zo kuma a yanke masa ƙugiyar suna ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani gwaji ya tsiro da sabon hali: da rana kore, da yamma kore, amma idan na tura aiki tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya sai ukun su yi ja tare, da asuba kuma su koma kore ba tare da na taɓa komai ba. Matar mai gidan da nake haya ta ji ina magana ni kaɗai a irin wannan lokaci, washegari ta ce za ta sa sunana a addu'ar zumuntar mata. Ban hana ta ba. Daga baya ta bayyana cewa injunan da agogon Girinwic suke aiki, mu kuma muna gabansu da awa guda. A cikin wannan awar, a Kafanchan Talata ta shiga, su kuwa suna Litinin, rasit ya ɗauki kwanan jiya. Na ɗaure manhajar da lokacin Legas ta hanyar wani sabon sashe da ya zo da Python 3.9, na yi ta yaba wa kaina.

Sai kuma maganar Mama ta tabbata. Kyautar minti 2,000 ce a wata, kuma a lissafin lokacin, mintin Windows biyu ake ƙirga shi, na Mac goma. Ni kuwa ko waƙafi na gyara sai na tura. Wata bai raba ba ma'aikata suka ajiye kayan aiki. Kwamfutar da ke barci a rigar matashi ita ta cinye kason kowa. Na jira sabon wata kamar mai jiran albashi.

Daren da ukun suka kunna kore a jere, na ɗauki hoton allon na tura wa Kawu. Ya sa a kira taron gaggawa, aka sayo lemo, aka ɗauko janareta saboda wuta ta yi halinta. Mama Ma'aji ta zo da tata kwamfutar a naɗe cikin leshi, ta buɗe a hankali. Windows 7 ce. An daina kula da ita tun Janairun 2020, babu irinta a cikin injunan da ake ba da aro, kuma Python 3.9 ba ya hawa kanta ko da lallashi, na ƙarshen da ya yarda da ita shi ne 3.8. Ban da haka ɗan batirin agogonta ya mutu, a ganinta har yanzu Goodluck Jonathan bai bar mulki ba.

"Ba ka ce yaron nan ya amince ba?" in ji ta.

"Mama, jikansa ne ya amince."

Kawu ya tambaya ko za a iya turo ɗaya daga cikin ukun ya zo ya duba, ƙungiya za ta biya kuɗin mota daga Abuja. Aka yi muhawara mai tsawo, aka kaɗa ƙuri'a. Za a sayi sabuwar kwamfuta idan citta ta yi kyau. Kafin nan, kowace ranar kasuwa zan zo da tawa in zauna kusa da Mama, ina karanto lambobi tana rubutawa a babban littafi. Kuɗin man janareta na wannan rana kuma aka rubuta shi bashi a kaina, na fitar wa kaina rasit.